Hasumiyar Kamo Saƙo

Mai walda ne, amma ba ya amsa wannan sunan. In ka tsaya a ƙofar shagonsa ka ce, "Mai walda, ina kwana," sai ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙarfensa kamar da bango kake magana. In kuwa ka ce "Injiniya," kafin ka rufe baki ya ɗage baƙin gilashin waldarsa zuwa goshi ya miƙo maka kujera. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutanen layin kuma suka bar masa, don hakan ya fi sauƙi a kan gardama da shi. Aikin hannunsa dai ba a kushe shi, ƙofar da ya haɗa sai dai gini ya rushe ya bar ta a tsaye. Bakinsa ne ba shi da birki. Babu abin da za a ambata a duniya, daga jirgin sama har ciwon haƙori, da ba zai ce ya san kansa ba.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ta nemi gurbin karatu a jami'a, kuma injiniyanci take so, na gaske mai takarda. Bara ta nema ba ta samu ba. Ta share hawayenta, ta sake zama jarrabawa, ta sake nema. Wata rana da safe tana wanke-wanke ta ce wa mahaifiyarta a hankali, "Umma, in bana ma ba a ɗauke ni ba, na haƙura da karatun nan." Injiniya yana bayan ƙofa yana neman takalminsa, ya ji. Maganar ta tsaya masa a ƙirji, don ya san Auta ba ta faɗin abu sau biyu.

Jami'a ta ce za ta turo wa kowa sakamako ta waya, ba ta faɗi rana ba. Nan fa gida ya rikice. Maman Auta ta shiga wanke kayan da ta riga ta wanke, tana sauke tukwane tana sake jera su. Auta ta rame a tsaye, waya a hannu kamar an liƙa mata. Injiniya kuwa ya riƙa zagaya layi yana ba iyaye shawara.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Ni jira ba ya taɓa ni. Ƙarfe ma sai na jira ya huce."

A ranar da ya faɗi haka ya liƙa wa wani mutum hannun ƙofa a gefen da ƙofar ba ta buɗewa. Kuma ko atishawa Auta ta yi a tsakar gida sai ka ji muryarsa daga shago, "Ya shigo ne?"

A bencin mai aski dabarar ta zo masa. Yana zaune da Tela, maƙwabcinsa na tsallaken layi, wanda shi ma ɗansa ke jiran wannan saƙo. Injiniya ya daɗe yana harare-hararen benen Tela, sannan ya buga cinya.

"Na gano abin da ya faru bara. Saƙon yarinyar nan an turo shi, hanya ce bai samu ba."

"Hanya kuma?" in ji Tela. "A mota yake zuwa?"

"Ta sama yake zuwa, kamar ruwa. To in ruwa ya sauko, wa yake fara jiƙawa, mai bene ko mai ƙasa? Kai ka tashi ka ɗora bene a gabana, saƙon 'yata ya zo ya bugi bangonka ya koma."

"Da ya faɗo gidana ai da na tsince shi na kawo maka."

"Wa ya sani ko ka haɗa shi da ƙyallayen ɗinki ka share."

Mai aski ya dakata da almakashi, don dariya ba ta barin hannu ya tsaya daidai. Injiniya ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce su zuba ido. Bana kafin jami'a ta gama danna turawa, saƙon yana hannunsa.

Washegari ya fito da duk tarkacen da ke bayan shago, bututun ruwa masu tsatsa, ƙafafun wani tsohon gado, da ragowar ƙofar da mai ita ya fasa karɓa. A kwance ya haɗa abin, a tsakiyar layi, har masu babur sai sun ɗaga ƙafa sun raɓa ta gefen kwata suna yi masa Allah ya isa a ciki-ciki. Ya liƙa matakai a jiki, ya ɗaura wilin tsohon keke a can ƙarshe, ya zura igiya ta kansa. Igiyar ta shanyar matarsa ce, kwandon da ya ɗaure a jiki kuma na cefanenta ne. Da aka zo tayarwa, majiya ƙarfin layin suka kama igiyoyi suna nishi, shi kuwa yana can nesa a inuwa yana ba da umarni da hannu. Abu ya miƙe har ya ɗara benen Tela, ya sa masa suna Hasumiya.

Maman Auta ta fito ta riƙe ƙugu, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Baban Auta, in ta lalace wa zai hau?"

"Aikina ba ya lalacewa."

"Na dai tambaya ne, don na ga ƙwan fitilar ɗakinmu ma ni ke hawa kujera in canza."

"Wannan dama ce nake ba ki ki motsa jini."

Ya juya ya miƙa wa Auta hannu ya ce ta kawo wayar. Auta ta ce, "Baba, ko a ƙarƙashin gado waya take, saƙo zai shigo."

"Bara a ina take?"

"A ƙarƙashin matashina."

"To kin gani."

Uwar ta ce, "Ba shi, ko ma samu ya daina bin mu da tambaya." Auta ta miƙa. Gaskiyar magana ita ma ta gaji da kallon wayar, kuma ta lura mahaifinta ya fi ta damuwa, sai tausayinsa ya kama ta.

Waya ta hau sama a cikin kwando, yara na tafi. Ba a jima ba aka ji ta yi ƙara daga can. Injiniya ya watsar da abin da ke hannunsa, ya hana kowa taɓa igiya, ya sauko da kwando a hankali kamar mai sauko da jariri. Ya goge tabaransa na karatu, ya yi gyaran murya, jama'a suka yi tsit. Kamfanin waya ne ke tambaya ko Auta tana son waƙa ta riƙa yi wa masu kiranta maraba.

Wani zai ji kunya, ban da Injiniya. "Kun gani ko? Daga hawa har ta fara kamowa. Wannan gwaji ne."

Abin mamaki, maganar ta shiga. Mai jira ba ya da wayo, duk abin da aka ce masa zai taimaka sai ya gwada. Kafin azahar wata mata ta kawo wayar ɗanta, wani direba ya kawo ta 'yarsa, mai aski ya kawo ta ƙanensa. Can da yamma sai ga Tela yana tafe yana waige-waige, don lambarsa ɗansa ya bayar.

"Ba wai na yarda ba ne," in ji shi. "Aljihuna ne ya yage, ina neman inda zan ajiye ta."

"Tela guda da yagaggen aljihu," in ji Injiniya. "Sa ta a ƙasa, masu imani ne a sama."

Matsala ta farko rana ce. Wayoyi suka wuni a sama tana dukansu, da aka sauko da su sun yi zafi kamar an ciro su daga murhu, rabinsu sun mutu. Iyaye suka yi cirko-cirko suna fifita su da murfin tukunya. Injiniya ya ce wannan ba komai ba ne, alama ce ta cewa sabis ya yi musu yawa. Ya shiga gida ya fito da lemar matarsa, ya ɗaure a saman kwando.

Ta biyu tantabaru ne. Sun ga inuwa kyauta a sama, suka tare. Da aka sauko da kwando sai da kowa ya nemi tsumma kafin ya gane tasa. Injiniya ya ɗaura gwangwanaye a jikin lema don su riƙa ƙara suna korarsu. Tantabarun ba su tafi ba, mutanen layin ne suka daina barcin rana.

Ta uku ta fi muni, don an manta cewa waya ba saƙon jami'a kaɗai take karɓa ba. Wayar Tela ta wuni tana kuka a sama, Injiniya ya hana a sauko da ita, wai kira daban saƙo daban, kuma yawan saukewa yana katse abin da ke kan hanya. Ashe surukar Tela ce ta iso tasha tun safe tana jiran a zo a ɗauke ta. Da la'asar sai ga tsohuwa a ƙafa, jaka a ka, jaka a hannu, ƙura har gwiwa. Ta tsaya gaban Tela tana haki.

"Ina wayarka?"

Tela ya nuna sama da yatsa. Ta ɗaga kai ta ga kwando da lema da gwangwanaye da tantabaru. Ta sauke kai ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Dama na faɗa wa 'yata tun farko," in ji ta, ta shige gida.

Tela ya rantse zai cire wayarsa, ya kuma kama igiya. Injiniya ya ce, "Cire mana. In na kowa ya shigo ban da na ɗanka, sai ka yi wa surukar taka bayani." Tela ya saki igiyar yana ƙunƙuni.

Ranar da labari ya bazu cewa yau jami'a za ta saki sakamako, tun da hantsi layin ya cika. Mai aski ya fito da bencinsa waje, mata suka tsaya a ƙofofi, 'ya'yan da ake jira dominsu suka rakuɓe a gefe. Injiniya ya sa wankakkiyar riga, tabarau a hanci, yana kai da kawo a gindin Hasumiya yana bayani ga wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba.

Sai iska ta taso. Ba wata babbar iska ba ce, amma ta shiga ƙarƙashin lema ta juya ta, lema ta fizgi kwando, igiya ta zame daga kan wili ta cusa kanta a tsakanin ƙarafa. Injiniya ya ja, shiru. Ya sake ja har da tsalle, ko motsi. A daidai nan wayar farko ta yi ƙara a sama. Ta biyu ta amsa, ta uku ta biyo, kwando gaba ɗaya ya ɗauki kiɗa. Duk wanda ke wurin ya san abin da ya shigo, kuma duk idanu suka dawo kan mutum ɗaya.

"A bari iska ta kwanta," in ji Injiniya.

"Ta kwanta," in ji Tela.

"Takalmina santsi gare shi."

Mai aski ya cire nasa ya ajiye masa a gaba.

"Akwai lissafin da ake yi kafin a hau irin wannan."

"Yi da sauri, muna jira."

Auta ta matso ta ce a hankali, "Baba, bari in hau." Da a ɗaki ta faɗa da ya yarda har da godiya, amma a gaban Tela ta faɗa. Ya ce, "Ina raye?" Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya rufe ido ya kama ƙarfe.

Rufe idon nan ne ya kai shi. Yana lalube yana hawa, bakinsa na motsi, har kansa ya bugi gindin kwando tantabaru suka watse. Jama'a suka yi masa tafi. Jin tafin ne ya cuce shi, don sai ya buɗe ido ya leƙo ƙasa ya ga masu yi. Ya hango mai aski ya koma ɗan mitsitsi, ya hango tabaransa sun bar hancinsa suna juyi a iska har suka tarwatse a ƙasa. Ya rungume bututu hannu biyu da ƙafa biyu, ya sake rufe ido.

"Ka ga kwandon?" in ji Tela daga ƙasa.

"Na gan shi."

"To kwance igiyar."

"Ina nazarinta tukuna."

"Da ido a rufe?"

"Haka manya ke yi."

Direba ya ce, "Bar igiyar, ɗauko waya ɗaya ka karanta mana. Saki hannu ɗaya kawai."

"Duka biyun suna aiki."

Wayoyi na ta ƙara a saitin kunnensa, amsar da layin gaba ɗaya ya yi wata da watanni yana jira tana taɓa hularsa, ga shi ba hannu ba tabarau. Maman Auta ta ratsa mutane ta tsaya a gindin ƙarfen.

"Baban Auta, sauko haka nan."

"Ba na jin ki, akwai iska."

"Na ce ka sauko."

Can sai murya ta sauko, siririya, ba irin wadda aka saba ji a bencin mai aski ba. "Maman Auta, ƙafafun sun ƙi."

Dariya ta ɓarke, amma ba ta yi nisa ba, don a lokacin ne ɗaya daga ƙafafun tsohon gadon nan ta gaji. Hasumiya ta yi wani kuka, ta fara sunkuyawa a hankali, mutane suka watse suna salati. Ta tafi, ta tafi, ta tsallaka layi da Injiniya manne a jikinta, ta je ta jingina kanta a katangar saman benen Tela ta tsaya.

Auta ce ta fara rugawa. Ta shige gidan Tela, ta wuce tsohuwa a tsakar gida, ta haye matakala, uwarta da Tela na biye suna haki. Da suka fito saman bene sai ga Injiniya dab da katanga, in ya miƙa hannu zai taɓa shanyar matar Tela. Auta ta ciro wayarta daga kwando, ta kwance shi ta miƙa wa Tela, shi kuwa ya rungume ya juya ƙasa da gudu, ko sannu bai tsaya yi ba.

"Baba, miƙo hannunka."

"Karanta tukuna."

"Sai ka sauko."

"A'a. In babu ne, gara in ji a nan. Da wane ido zan sauka in dube ki?"

Ba cika baki a maganar ko kaɗan, tsoro ne zalla, kuma ba na faɗuwa ba. Auta ta dubi wayar. Uwar ta dafa kafaɗarta. Daga ƙasa ana jin hayaniya, wani gida guɗa, wani gida shiru. Ta buɗe, ta karanta, ta sake karantawa.

"Baba, an ɗauke ni."

Abin da layi guda ya kasa sa shi yi, sai ga shi ya yi da kansa. Ya saki hannu biyu a lokaci ɗaya ya ɗaga sama zai yi hamdala. Uwa da 'ya suka cafki wuyan rigarsa suka jawo shi ta kan katanga kamar buhu, ya zube a cikin shanya. Hasumiya da ta ji nauyi ya sauka sai ta zame, ta kankare fentin Tela tun daga sama har ƙasa, ta faɗi a tsakiyar layi da ƙarar da ta tashi tantabarun unguwa. Allah ya sa kowa yana can gefe ya duƙufa a kan wayarsa, ba ta sami kowa ba.

Injiniya ya zauna dirshan, zanin mutane a kafaɗa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce iska ce ta shigar masa ido. Ba wanda ya yi masa gardama, don su ma iskar ta same su.

Daga ƙasa Tela ya ɗago kai, bakinsa har kunne, don ɗansa ma ya samu. "Injiniya, ya labari?"

"An ɗauke ta."

"Madalla. Ka dai lura a kan benena ka karɓi saƙon."

Injiniya ya ja jiki ya leƙa kaɗan, ya yi maza ya dawo da kai. "Hasumiyata ce ta kamo shi. Benenka tasha ce kawai."

"Fentina fa?"

"Dama ya tsufa."

Da aka zo sauka ya tsaya a bakin matakala yana kallonta. Auta ta kama hannunsa ta shige gaba, tana cewa ya sa ƙafa nan, ya sa ƙafa can, shi kuwa yana bi ba musu, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. A tsakiyar matakalar ya tsaya cak, ya ƙara damƙe hannunta. Sai yanzu ya gane abin da saƙon yake nufi, yarinyar nan tafiya za ta yi.

"Auta," in ji shi, "in kin tafi, wa zai riƙa sauko da ni?"

Maman Auta ce ta amsa daga bayansu, tana goge ido da gefen mayafi.

"Sai ka daina hawa, Baban Auta."